Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙaramar Hukumar Hawandawaki A Kan Haƙƙin Naƙasassu Na Isa Ga Ƙofar Hukuma

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Hawandawaki,
Gundumar Tasawa, Jihar Maraɗi.



Ina neman izininku in gabatar da wata magana wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wadda kuma na zaɓi in rubuta ta a fili maimakon in zo in faɗe ta a zaure, saboda ta shafe ku, ta kuma shafi takwarorinku na Korgom da Baudeta da Kona da Maijirgi da Urafan da Tasawa, har da na gundumar Mayahi. Maganar kuwa ita ce ta ƴan'uwanmu naƙasassu, guragu da makafi da kurame da kutare da sauran waɗanda Allah ya jarraba a jikinsu, da yadda za su riƙa isa ga ofisoshi da gidajen likita da makarantu da wuraren ɗibar ruwa waɗanda aka gina da dukiyar jama'a, da sunan jama'a baki ɗaya.

Ranku ya daɗe, ina da ƙane wanda shan-inna ta kama tun yana ɗan shekara uku, ƙafafunsa biyu suka shanye, amma da yake Allah ya bar masa hannu da basira sai ya tashi ya koyi gyaran rediyo da fitila, yau har da salula, ya yi aure, ya haifu, yana biyan lanho a kan kari kamar kowane magidanci. Wata shekara na raka shi wani ofishin hukuma, a wani gari da ba sai na ambata ba, domin neman takardar haihuwar ɗansa da za a sa makaranta. Tun daga bakin shinge kekensa ya kafe a cikin rairayi, yana murza hannu tayar gaba tana tonon ƙasa, sai da na kama na tura shi har gindin baranda, inda muka tarar da matakala uku. Nan ya sauko daga keke, ya zura tafukan hannunsa cikin silifa, ya ja jiki ya hau su ɗaya bayan ɗaya, farar rigar da aka wanke masa aka goge musamman domin wannan rana tana sharar ƙura, jama'a suna kallo. Da ya kai ga tagar da ake karɓar takardu, ta fi kansa tsawo, ma'aikacin ya leƙo ya dube shi, sa'an nan ya ɗago ya tambaye ni, wai me yake so, alhali mai buƙatar yana gabansa da bakinsa da hankalinsa. Kafin in ba da amsa wani mutum mai kyakkyawar niyya ya sunkuya ya ajiye masa dala biyar, yana tsammanin bara ta kawo shi. Ƙanena bai ce uffan ba har muka kama hanyar gida, sa'an nan ya ce mini, "Yaya, na daɗe da yin haƙuri da ƙafafuna, domin daga Allah ne, matakalar nan kuwa mutum ne ya gina ta."

Wannan magana tasa ita ce asalin wasiƙar nan, domin na zauna na yi ta juya ta a zuciyata har na gane cewa lalurar naƙasasshe kashi biyu ce: akwai wadda Allah ya ƙaddara masa a jikinsa, wadda ba mu da abin yi game da ita sai magani da addu'a da haƙuri, akwai kuma wadda mu ƴan Adam muka ƙara masa da hannunmu yayin da muka zana gini, muka aza harsashi, muka tsara yadda za a yi aiki, ba tare da mun tuna da shi ba. Kashi na biyun nan ba ya buƙatar mu'ujiza, yana hannun magini da ɗan kwangila da ma'aikaci, kuma a ƙaramar hukuma duk waɗannan suna ƙarƙashin sa hannunku.

Kada a ɗauka mutanen da nake magana a kansu ƴan tsiraru ne. Ƙidayar jama'ar Nijar ta shekarar 2012 ta sami naƙasassu 715,497, wato kashi 4.2 cikin ɗari na al'ummar ƙasa, ma'ana a cikin kowane mutum 1,000 akwai 42. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, wadda ma'auninta ya fi faɗi, ta ƙiyasta a shekarar 2022 cewa kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, kusan mutum ɗaya cikin shida, suna rayuwa da wata babbar naƙasa. Mu da muke ƙauye ba ma buƙatar littafin ƙidaya kafin mu gaskata wannan, domin mun san gidajen da shan-inna ta shiga kafin a ci ƙarfinta da rigakafi, har aka bayyana a watan Agusta na 2020 cewa nau'inta na asali ya ƙaura daga nahiyar Afirka. Mun san waɗanda annobar sanƙarau ta 1995 da 1996 ta bari da kurumta. Mun san tsofaffin da yanar ido ta rufe wa gani, da samarin da hatsarin babur ya raba da ƙafa. In kuwa aka haɗa da mace mai tsohon ciki, da dattijo mai dogara sanda, da majinyacin da aka ɗauko a amalanke, sai a ga cewa da wuya a sami gidan da matakala ba ta taɓa tsare wa wani nasa hanya ba.

Dokar ƙasa ba ta yi shiru a kan wannan al'amari ba. Tun ranar 2 ga watan Maris na 1993 aka kafa doka mai lamba 93-012 wadda ta shimfiɗa ƙa'idojin kare naƙasassu, aka yi mata gyara a 2010, kuma a cikinta ne aka wajabta wa kowace ma'aikata mai ma'aikata 20 ko fiye ta keɓe musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki. Ranar 24 ga watan Yuni na 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 a kan haƙƙoƙin naƙasassu, wadda sashenta na 9 ya ɗora wa hukumomi kawar da duk abin da ke tare musu hanyar gine-gine da sufuri da samun labari, a birni da karkara daidai wa daida. Daga baya kuma aka zo da doka mai lamba 2019-62 ta ranar 10 ga watan Disamba na 2019, mai bayyana tushen shigar da su cikin harkokin al'umma. Maƙwabtanmu na Nijeriya ma sun sa hannu a kan tasu dokar a watan Janairu na 2019, suka yanka wa gine-ginen hukuma wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu. Saboda haka abin da nake roƙo ba bidi'a ba ne, alƙawari ne wanda ƙasa ta riga ta ɗauka a Yamai, wanda kuma ba zai cika ba sai ya sauko ya taka ƙasar Hawandawaki, domin tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 rajistar haihuwa da aure da mutuwa, da kula da azuzuwan firamare da rijiyoyi da rumfunan kasuwa, duk a ƙofarku talaka yake neman su.

Amma tun kafin a rubuta waɗannan dokoki addininmu ya riga ya yanke hukunci. Malaman usulu suna da wata ƙa'ida sananniya, cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, to shi ma wajibi ne, kamar yadda neman ruwa yake zama wajibi ga wanda alwala ta wajaba a kansa. To, in hukuma ta wajabta wa magidanci ya yi wa ɗansa takardar haihuwa, ya kai shi rigakafi, ya sa shi makaranta, ya mallaki katin ɗan ƙasa, lalle buɗe masa hanyar da zai bi ya sauke waɗannan wajibai ta zama wajibi a kan hukumar, ba mustahabbi ba, balle a kira ta alfarma. Tarihin magabata kuwa cike yake da hujja. Sahabi Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, a kan lamarinsa Allah ya saukar da farkon Suratu Abasa, kuma bayan haka Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya shi ladani tare da Bilal, ya kuma wakilta shi a kan Madina ba sau ɗaya ba yayin da ya fita yaƙi. Sahabi Itbanu ɗan Malik, da ganinsa ya yi rauni, kwari kuma yana cika da ruwa ya raba shi da masallacin mutanensa, ya roƙi Manzon Allah ya zo gidansa ya yi salla a wurin da zai riƙe masallaci, Fiyayyen Halitta kuwa ya taka da ƙafarsa tare da Sayyadina Abubakar ya je. Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya sanya wa kowane makaho ɗan jagora, kowane gurgu mai hidima, ya yanka wa kutare abin masarufi daga baitulmali domin kada su yi bara. A ƙasar Hausa ma kakanninmu sun naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, domin su sami baki a fada. Ashe kuwa abin kunya ne a ce mu da muka zo a zamanin siminti da ƙarfe mu gaza waɗanda suka yi gini da laka.

Yanzu sai in zo ga abin da nake roƙo dalla-dalla, in fara da gini. Kowace ƙofa ta hukuma tana buƙatar gangara ta siminti kusa da matakala, amma gangara tana da ma'auni, domin wadda ta yi tsaye da yawa tarko ce, takan mirgino da keke baya ta kayar da mai shi. Ƙa'idar da masana gini suka yarda da ita ita ce, kowane santimita 1 na tudu a ba shi aƙalla santimita 12 na tsawo. Saboda haka baranda mai matakala uku, kowace santimita 15, tana buƙatar gangara mai tsawon mita 5 da santimita 40, faɗinta ya haura mita 1, da ƙarfen dafawa a gefe, a kuma karce fuskar simintin kada ya yi santsi da damina. Ƙofa kada faɗinta ya gaza santimita 90, kada kuma a bar mata dokin ƙofa mai tsawo. Tun da yake ƙasarmu jigawa ce, gangara ba ta da amfani in keke ba zai iya kaiwa gare ta ba, don haka a zuba marmara a daɓe wata ƴar siririyar hanya tun daga bakin titi har gindinta. A cikin ofis a sami tebur guda ko taga guda wadda tsawonta bai wuce kimanin santimita 80 ba, inda mai keke zai fuskanci ma'aikaci ido da ido, da benci a inuwa domin masu sanda. Sa'an nan makewayi, wanda mutane suke jin nauyin ambata alhali shi ne ya fi hana naƙasassu zuwa makaranta da gidan likita: wanda yake tafiya da hannuwansa, in ya shiga makewayin da ba a tsara dominsa ba, da tafin da zai ci abinci yake taka ƙazanta. Ɗaki guda mai faɗi, mai mazauni da ƙarfen kamawa, ya isa ya kawar da wannan wulaƙanci. Haka nan a wurin famfo da rijiya, a yi dakalin da gurgu zai iya hawa, da mariƙin da wanda kuturta ta ci wa yatsu zai iya juyawa.

Na biyu shi ne yadda ake aiki, wanda sau da yawa ya fi gini wuyar gyara ko da yake ba ya cin ko dala. Na taɓa ganin wata kurma a wani gidan likita, da goyonta mai zazzaɓi, ta zauna tun hantsi har la'asar, an kira sunanta sau uku ba ta ji ba, aka wuce ta, sai da wata tsohuwa ta lura ta kama hannunta ta shigar da ita. Da an sa wani ya riƙa duba layi da ido, ko an ba kowa lamba a takarda ana ɗaga ta sama, da ba a yi haka ba. Kuramen ƙasar Hausa suna da maganar hannu tasu, kuma in ma'aikaci ɗaya a ofis da ɗaya a gidan likita suka koyi gaisuwa da tambayar suna da tambayar inda ke ciwo, an rage rabin wahala. Makaho kuwa, kada a kama yatsansa a dangwala a kan takardar da ba a karanta masa ba. A karanta masa ita da Hausa tun daga farko har ƙarshe, a gaban shaidan da shi ya zaɓa, musamman in ta shafi gona ko gado. Duk sanarwar da aka liƙa a bango a maimaita ta ta bakin mai shela da rediyo da masallaci, wadda aka yi ta baki kuma a rubuta ta a liƙa. Wanda kuturta ta taɓa kada a ƙyamace shi a layi, domin cuta ce mai warkewa, maganinta kyauta ne, wanda ya fara shan sa ba ya yaɗa ta, kuma asibitin Danja da ke kusa da Maraɗi ya shafe shekaru masu yawa yana tabbatar da haka. Fiye da kome, a hori ma'aikata su yi magana da mai buƙata shi kansa, kada su tsallake shi su tambayi ɗan rakiyarsa.

Na uku, akwai waɗanda ko an gyara ƙofa ba za su iya zuwa ba, saboda nisan ƙauyukansu da tsadar kabu-kabu, musamman da damina in hanyoyi suka yanke. Waɗannan sai a bi sunnar da aka yi wa Itbanu, a je musu. An saba yin zaman alƙali na tafi-da-gidanka a ƙauyuka domin ba da takardun haihuwa ga waɗanda wa'adi ya wuce musu. In za a yi irin wannan, a nemi masu gari su fara kawo sunayen gidajen da ke da naƙasassu, domin sau da yawa yaron da aka haifa da lalura shi ake ɓoyewa a ɗaka, ba takarda, ba makaranta, kamar ba a haife shi ba.

Na san abin da za a ce, kuma ban raina shi ba: ƙaramar hukuma ta karkara aljihunta ba shi da nauyi, lanho ba ya shigowa yadda ya kamata, ga buƙatun ruwa da abinci da tsaro suna jira. Amsata ita ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gangarar da aka sa a cikin zane tun kafin a haƙa harsashi, kuɗinta ƴan buhunan siminti ne a cikin kuɗin gini duka, alhali wadda za a yi bayan an gama sai an fasa an sake. Don haka ina roƙon ku ɗauki ƙuduri guda, a rubuta shi a cikin tsarin raya ƙaramar hukuma da kowace takardar kwangila, cewa daga yau ba za a karɓi aji ko ɗakin likita ko makewayi ko rumfar kasuwa daga hannun ɗan kwangila ba, ko da kuɗin na ƙungiyar agaji ne, sai mai keke ya shiga ya fito da kansa a ranar karɓa. Tsofaffin gine-gine kuwa a bi su sannu a hankali, ko biyu-biyu ne a kowace shekara, a fara da inda jama'a suka fi zuwa. In kuma aka tashi ɗaukar ma'aikaci, ko mai rubutu ne ko mai karɓar kuɗin kasuwa, a tuna da kashi biyar ɗin nan na doka, domin ofishin da naƙasasshe yake aiki a cikinsa ba ya mantawa da gangara.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka kada a yanke kome a bayan idonsu. Suna da sarakunansu na gargajiya, suna da ƙungiyoyinsu waɗanda suka haɗu a ƙarƙashin Tarayyar Naƙasassu ta Nijar, akwai kuma mata a cikinsu waɗanda wahalarsu ta ninka ta maza, muryarsu kuwa ba ta kaiwa zaure. Ranar 31 ga watan Yuli ita ce ranar naƙasassu ta ƙasa, 3 ga watan Disamba kuma ta duniya. Ina roƙonku, ranku ya daɗe, a ɗaya daga cikin waɗannan ranaku a jinkirta jawabi da rabon kaya, ku fito da kanku tare da gurgu guda da makaho guda da kurma guda, maza da mata, da magini riƙe da igiyar awo, ku fara daga bakin kasuwa, ku bi ta ofishinku da gidan likita da makaranta da famfo, kada kowa ya tura keke, kada kowa ya ɗauki kowa, duk inda suka tsaya a rubuta. Gani ya kori ji, kuma takardar da za ta fito daga wannan zagaye za ta fi duk abin da na rubuta a nan amfani.

Ban rubuta wannan don in zarge ku ba, domin gine-ginen ƙasarmu da yawa sun girmi masu riƙe da su, kuma mantuwar ta mu duka ce, har da ni da ban lura da matakala ba sai ranar da na ga ɗan'uwana a kanta. Na rubuta ne saboda nasiha ga shugabanni tana cikin addini, saboda kuma shugabanci amana ce wadda za a tambayi mai ita a kan mafi rauni daga cikin talakawansa kafin a tambaye shi a kan masu ƙarfi. Ƙanena ya sake samun ƙaruwa, nan gaba kaɗan zai nemi wata takardar haihuwa, kuma burina shi ne ya je shi kaɗai a kan kekensa, ya karɓa da hannunsa, ya komo gida da farar rigarsa kamar yadda ya fita da ita.

Allah ya taimake ku, ya ba ku mashawarta na gari, ya sa ku gama lafiya, ya ba ƙasarmu damina mai albarka da zaman lafiya mai ɗorewa.

Wassalam.

Naku mai biyayya,
Wani talakanku, ɗan ƙasar Hawandawaki.